Gasket ɗin manifol ya ƙone karo na uku, ina matsalar take?

Mai_Tipa_KT:
Slm 'yan uwa masu harkar ƙarfe. Ina da tipa Howo 371 mai taya goma, yashi da marmara take ɗauka nan cikin Katsina. Wata biyu da suka wuce ta yi zafi a hanyar Dutsin-Ma, hos ɗin lagireto ya fashe direba bai lura ba, dole muka sauke tof, wato murfin kan silinda, aka canza gasket ɗinshi, shimfiɗar da ke toshe tsakanin ƙarfe biyu. Tun daga ranar manifol ɗin hayaƙi, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin silinda ya fitar da shi, bai sake zama lafiya ba. Da safe in an tada ta sai ka ji tsat tsat tsat kamar ana buga ƙaramar guduma, in ta yi ɗumi sai ƙarar ta ragu, kuma ga baƙin hayaƙi ya yi shati wajen silinda lamba 5 da lamba 6. Sau uku ke nan ana sa wa manifol ɗin sabon gasket, kowane bai wuce kwana goma. Bakanikena ya ce gasket ɗin kasuwa ne ba kyau, ni kuma na fara zargin ɗaurin ne. Don Allah masu sani, ya ake ɗaure manifol yadda ya kamata? Motar ta rage ƙarfi in ta ɗauki lodi, gas kuma sai tafiya yake.

Yaron_Gareji:
Oga a sa gasket biyu a haɗe kawai a ɗaure da faif. Mu haka muke yi kuma suna zama.

Tsohon_Direba911:
Yaro kai ne ka kashe motocin mutane ashe. Faif a kan sifana, a bolt ɗin manifol? Allah shi kyauta.

Yaron_Gareji:
Baba ai ogana ne ya koya mani hhhh

Usta_KofarKaura:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin in ce komai, tambaya ɗaya: lokacin da aka sauke tof, duka shida aka sauke ko wasu? Kuma da aka zo maidawa, an ɗaure tof ɗin tamau sannan aka kawo manifol, ko an gwada manifol ɗin tukuna?

Mai_Tipa_KT:
Guda uku aka sauke, 4 da 5 da 6. Ina tsaye aka ɗaure su aka yi setin bawul, sai washegari aka kawo manifol aka sa.

Usta_KofarKaura:
To Alhaji nan ɓarawon yake. Injin nan WD615 ba irin na Kanta ba ne mai tof guda ɗaya dogo. Kowane silinda da tof ɗinshi, shida ne rigis a jere, kuma kowane in ka ɗora shi kafin ka ɗaure yana da ɗan wasa, yana iya juyawa kaɗan dama ko hagu. Manifol kuwa fuskarshi a miƙe take. In tof guda ya karkace ko da kaurin farce ne, gefe ɗaya na bakin zai danne gasket, ɗaya gefen kuma a sake, hayaƙi mai zafi ya sami hanya, cikin kwana kaɗan ya cinye gasket ɗin. Ko na zinare ka sa sai ya ƙone. Yadda ake yi, ka ɗora tof ɗin ka kama bolt ɗinsu da hannu kawai, ka kawo rula ta ƙarfe miƙaƙƙiya ka kara a fuskokin hayaƙi duka shida ka ga sun hau layi ɗaya, wasu ma manifol ɗin kanshi suke ɗaurawa ba gasket don ya jawo su layi, sannan ka ɗaure tof. Bakaniken naka ya yi abin a baibai. Ba wai bai iya aiki ba, wataƙila ya saba da ƙananan motoci ne.

Injiniya_Poly:
Usta ya faɗi gaskiya, in ƙara kaɗan. Dalilin da ya sa ƙarar take raguwa in mota ta yi zafi shi ne ƙarfen yana buɗewa ya toshe ƙofar. Hayaƙin injin gas in yana jan lodi yana kai digiri 600 zuwa sama, shi kuwa tof ruwa na zagaya cikinsa, ruwan bai cika wuce digiri 90 ba. Ƙarfen zubi mai tsawon mita 1 in zafinsa ya ƙaru da digiri 500 zai miƙe da kusan milimita 5. Wato manifol kullum yana tafiya yana dawowa a kan fuskar tof, safe da yamma. Shi ya sa a manyan injina masu silinda shida ake yinsa gida biyu ko uku masu shiga cikin juna, kuma ramukan bolt na bakin gefe sukan fi bolt ɗin faɗi. Ba kuskuren kamfani ba ne, wurin motsi aka bar masa. Wanda ya ɗaure da faif ya hana shi motsi, to ɗayan biyu: ko sitod, wato bolt marar kai da ke dashe a jikin tof, ya karye ko manifol ya tsage.

Bahadeje_Mai_DAF:
Katsinawa ana ta turanci a kan salansa. Ku kawo ta Hadeja mu ɗaure maku da igiyar rama.

Tsohon_Direba911:
Bahadeje kai da DAF ɗinka ke kwana uku tsakanin Malam Madori da Gumel, rufe mana baki.

Bahadeje_Mai_DAF:
Baba a yi haƙuri, bawa ya tuba hhhh. Amma maganar gaskiya Alhaji ka duba ƙarfen da ke riƙe bututun salansa a ƙasa. Ni tawa haka ta yi ta cin gasket, ashe biraket ɗin ya karye, duk nauyin bututu da tabo (turbo, fankar da hayaƙi ke juyawa ta cusa wa inji iska) ya rataya a wuyan manifol, kowane rami aka faɗa sai ya ja shi. Filesibul ɗin ma, wato sashen bututun mai lanƙwasuwa, ya mutu an yi masa walda ya zama sanda. Da muka gyara waɗannan biyu shi ke nan.

Mai_Tipa_KT:
Na gode. Usta yanzu kana nufin sai an sake kwance tof ukun nan? Wlh gasket ɗin tof kuɗi ne, ga kwana biyu mota a tsaye.

Usta_KofarKaura:
Kar ka yi gaggawa. A fara cire manifol a kankare fuskokin tas, a kara rula a sa filagej, siririn ƙarfen auna tazara, a gani. Mai yiwuwa ma manifol ɗin ne ya lanƙwashe tun ranar da motar ta yi zafi, in haka ne tof ba ruwanshi, wajen tana, masu injin daidaita ƙarfe, za a kai a wanke fuskar. In kuma rula ta nuna tof ne ya kauce to ba makawa, kuma in ka sassauta tof ban ba ka shawarar maida tsohon gasket ba. Awo dai tukuna, kar a yi ta canke.

Dillalin_Sifiya:
Ni fa ban yarda a wanke gasket ɗin kasuwa gaba ɗaya ba. Ina sayar da kayan nan, na san akwai kala uku a hannunmu. Akwai mai ƙarfe falle falle, akwai mai kamar kwali da aka lulluɓe da gwangwani, akwai wanda ko a hannu ka murza sai ya karye. Mutum zai zo ya ce ba ni mai sauƙi, in ya ƙone ya ce ɗan kasuwa ya cuce shi. Injin mai tabo a sa mashi mai ƙarfe. Kuma wasu suna da gaba da baya, akwai rubutu ko ɗan tudu a jiki, yara sai su kifa shi yadda suka ga dama.

Hajiya_Mai_Kanta:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba bakanike ba ce, Kanta biyu gare ni suna jigilar hatsi daga Mai'aduwa da Charanci, amma ina so in ja kunnen Alhaji a kan abu ɗaya da ba wanda ya ambata. Kada ka bari direba ya ci gaba da aiki da ita hayaƙi na shiga gidan gaba. Bara lokacin sanyi direbana da yaron mota suka kwana cikin mota a Kongolam suna jiran a sallame su, gilashi a rufe inji na aiki, manifol ɗin yana huci mu duk muna cewa sai an dawo a gyara. Da asuba yaron ya tashi da amai da ciwon kai kamar zai tsage, direban ma da ƙyar ya iya saukowa. Allah ne ya kiyaye. Tun daga nan duk motar da ta fara wannan ƙarar a gida take kwana.

Mai_Tipa_KT:
Subhanallah. Hajiya na gode, direban ya yi mani ƙorafin idonshi na yaji ban ɗauka da zafi ba. Yau za a ajiye ta.

Dan_Daura_Tirela:
Allah ya ƙara tsarewa Hajiya. Ni tambayata ga Usta da Injiniya, shi ɗaurin kansa fa? Alhaji ya tambayi yadda ake ɗaurewa, an tafi wajen tof. Daga ina ake farawa?

Injiniya_Poly:
Daga tsakiya ake farawa a fita waje. Ka sa duka bolt ɗin da hannu tukuna, kowane ya shiga zagaye uku huɗu ba tare da sifana ba, in ɗaya ya ƙi shiga da hannu to tsaya ka duba, kar ka tilasta. Sannan ka fara da 3 da 4, ka koma 2 da 5, ka ƙare da 1 da 6, sama da ƙasa. Ba lokaci ɗaya za ka kai ƙarshe ba, zagaye na farko kamawa kawai, na biyu rabin ƙarfi, na uku cikakke da tok renci, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Kamar shimfiɗa tabarma ne, daga tsakiya kake korar lanƙwasa zuwa baki, in ka danne bakin biyu tukuna tsakiya ta yi tudu. Ƙarfin ɗauri kuma kowane inji da lambarsa a littafinsa. Misali Cummins 6BT mai lita 5.9, bolt ɗin manifol ɗinsa 43 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ne kacal, abin da hannu ɗaya zai ja ba tare da nishi ba. Ka kwatanta da mai hawa kan faif da ƙafa. Bayan mota ta yi aiki ta yi zafi ta huce sarai, washegari da safe a sake bi da tok renci, don gasket yana kwanciya.

Tsohon_Direba911:
Ni hwa shekara talatin da wani abu ina tare da 911, ban taɓa ganin wanga tok renci hannun bakanikena ba, Allah shi jiƙanshi. Hannunshi shi ne ma'auni. Shina ja shi tsaya shi ce ya isa, kuma mu tai Legas mu dawo ba abin da ya motsa.

Injiniya_Poly:
Baba ban musa ba, amma injin 911 OM352 ne, lita 5.7, tof ɗinsa guda ɗaya, kuma yawancin waɗanda suka yi yawo a nan ba su da tabo. Zafin da manifol ɗinsa ke gani daban da na injin Howo ɗin nan mai lita 9.7 da tabo ke zaune a kansa. Kuma hannun marigayin shekaru ne suka saita shi, yaron da ya shigo gareji bara ba shi da wannan hannun.

Tsohon_Direba911:
Wannan kuma gaskiya ta. Yaran yanzu waya na hannun hagu sifana na dama.

Yaron_Gareji:
Baba mu ma a wayar muke ganin yadda ake yi ai. Amma don Allah tok rencin nan oga ya kulle shi a akwati, sai za a ɗaure tof ko kwanrod ake fiddo shi, in ka taɓa ka sha zagi. To da mi za mu koya?

Usta_KofarKaura:
Ka ce ma ogan naka Usta ya ce ya fiddo. Amma in ka gama ka maida shi ƙaramar lamba kafin ka ajiye, kuma ba a kwance noti da shi, abin da ya sa ake ɓoye maku ke nan.

MaiWalda_Sabuwar_Unguwa:
Tunda za a sake kwancewa bari in yi nawa gargaɗin, don ni ake kira in an karya. Karo na huɗu ke nan za a taɓa bolt ɗin nan, sun sha wuta sun sha ja, Alhaji ka sayi sabbi duka kar ka yi rowa, kuma ba na shagon kayan gini ba, na manifol na gaske. In akwai dogayen bushi da bolt ɗin ke bi ta ciki a maida su, na sha ganin an yar da su an sa gajeren bolt wai ya fi kamawa, alhali tsawon nan ne ke ba bolt damar miƙewa ya dawo. Wajen kwancewa a jiƙa su tun dare da WD-40 ko birki oyil, da safe a ɗan buga kan kowane da guduma, a ja gaba kaɗan a dawo baya kaɗan. In ya karye a ciki don Allah kar a sa diril a karkace, kar kuma a sa ɗan ƙarfen nan na cire karyayye a murɗa da ƙarfi, in shi ya karye a ciki ya fi sitod ɗin tauri, diril ba ya cinshi, aikin awa ɗaya ya koma na kwana biyu. Ni washa nake ɗorawa in yi walda a kan guntun, in ɗora noti in cike shi, zafin waldar kanshi ke sakin tsatsar, in ya ɗan huce sai ya fito kamar ba shi ba. Kafin nan a cire kan batir, kuma a maƙala wayar as ta injin walda kusa da wurin aikin.

Dan_Daura_Tirela:
Mai walda, manifol da ya tsage fa, yana walduwa ko asarar kuɗi ce?

MaiWalda_Sabuwar_Unguwa:
Yana yi amma ba kowane ba. Ƙarfen zubi ba ya son a ba shi wuta wuri ɗaya. Sai an huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar gefe biyu don kar ta ci gaba, a gasa shi gaba ɗaya, a yi da rodin nikel kaɗan kaɗan ana bubbugawa, sannan a binne shi cikin yashi mai zafi ko toka ya kwana. Wanda ya yi maka da rodin ƙofa ya watsa ruwa, kafin ka kai Mashi ya sake buɗewa gefen waldar. Kuma bayan walda sai an duba fuska don yana jan ƙarfe. In tsagar a wuyan tabo take ni dai cewa nake a nemi wani.

Dillalin_Sifiya:
Na Beljiyam yana samuwa a Kofar Ruwa Kano, amma ka tafi da rula. Tsohon manifol yana tsukewa da shekaru, ka kawo shi gida ramukan gefe su ƙi haduwa da na tof.

Bahadeje_Mai_DAF:
Sai a ƙara faɗin ramin da fayil mana, ai ba wani abu ba ne.

Usta_KofarKaura:
Ramin bolt ka faɗaɗa, bakin hayaƙin fa? Shi ma ya matsa ai. Kaɗan ana yi, in ya yi yawa gasket ba zai zauna tsakiya ba.

Gwanin_Tabo:
Na makara. Abu biyu a kan tabo tunda sai an ɗaga shi. Da zarar an cire a cusa tsumma mai tsabta a bakinsa da bakin kowane tof, kuma a ƙirga tsumman, a ƙirga noti da washa kafin a rufe. An taɓa kawo mani tabo da washa guda ɗaya ta faɗa cikin manifol, minti ɗaya da tada mota fankar ta zama kamar ɓera ya ci. Na biyu kafin a tada a zuba baƙin mai ta ramin mai na sama a juya fankar da yatsa, in an tada a bar ta silo kar a taka totur. Rashin ƙarfin da Alhaji ya ce shi ma daga hucin ne, hayaƙin da zai juya tabo yana zurarewa waje, iska ta ragu, direba ya ƙara taka totur, gas ya tafi, zafi ya ƙaru. Kuma don Allah kar a shafa gam ɗin silikon a gasket ɗin, wutar wurin ta fi ƙarfinsa.

Yaron_Gareji:
Jan gam ɗin ma?

Gwanin_Tabo:
Har shi. Abin da ake shafawa man tagulla ne a jikin tiredin bolt kaɗan don gaba ya kwantu, ba a fuskar gasket ba.

Injiniya_Poly:
A kula dai, in an shafa man nan bolt yana santsi, lambar tok ɗaya za ta ja shi fiye da busasshe. In littafi bai ce a shafa ba to a rage hannu.

Usta_KofarKaura:
Injiniya a nan mun rabu kaɗan. Ni ina shafawa kullum kuma ban rage komai, ban ga wanda ya karye ba. Wanda ya karye mani duk busassu ne masu tsatsa.

Hajiya_Mai_Kanta:
Ku dai ku daidaita ku gaya mana guda ɗaya, mu masu biya mu ne a tsakiya.

Mai_Tipa_KT:
Jama'a ga inda ake. Mun cire yau da safe, bolt ɗaya ya karye a lamba 6 kamar yadda mai walda ya faɗa, an fitar da shi da noti. Mun kara rula a manifol, gidan baya ya ɗan yi ciki, filagej na shiga. Mun kara a tof, lamba 5 ya kauce kaɗan, ana ganin haske ta gefe ɗaya. Biraket ɗin ƙasa kuma bolt ɗaya ne ya rage a jiki, Bahadeje ka ci goro. Yanzu bakanikena ya ce a wanke manifol a sa gasket mai ƙarfe a gwada tukuna, in ya sake ci sannan a taɓa tof. Ni kuma zuciyata na cewa a yi duka lokaci ɗaya.

Usta_KofarKaura:
In haske na wucewa a lamba 5 ni ba zan rufe a haka ba. Tof ɗaya ne, gasket ɗaya za ka saya ba shida ba.

Dillalin_Sifiya:
Gasket mai ƙarfe mai kauri yana shanye ɗan wannan. Na ga an yi ya zauna shekara.

Dan_Daura_Tirela:
Filagej lamba nawa ya shiga a lamba 5 ɗin Alhaji? Kaɗan ɗin nan kowa da nashi kaɗan.

Mai_Tipa_KT:
Ban duba lambar ba wlh, yaron ne ya riƙe. Bari in koma garejin bayan la'asar in sa a sake aunawa a gabana.

Tsohon_Direba911:
In ka tai ka tambayo mani ko nozul ɗin 5 da 6, masu fesa gas cikin silinda, an taɓa gwada su tun da motar ta yi zahi. Nozul mai zuba shi ma shina gasa manifol, kowa ya manta da shi.